Ga 'yan uwa masu ajiye aiki a Najeriya su zo nema a Maraɗi

Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 ta yi ta gangarowa, masu tsallako iyaka neman aiki a Maraɗi suka ƙaru sosai. Sefa tana ɗaure da Yuro, 655.957 a kan Yuro ɗaya, ba ta motsi. Malamin makaranta a Katsina ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a Daura, in ya ji albashin wani abokinsa a nan, ya buga lissafi da farashin 'yan canji, sai barci ya gagare shi. Yawancin masu zuwan kuma ba sana'arsu ta asali suke zuwa yi ba. Malami ya koma mai riƙe lissafin sito, ma'aikaciyar jinya ta koma aikin ƙungiyar agaji, akawu ya koma bin motocin kaya. Ni ma alli na ajiye na zo, tun kafin wannan guguwar, kuma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yadda nake ganin ramin da ya karya mu shi ne dai yake karya na bayanmu, ana faɗa musu suna cewa ai nan gida ne.

Gida ne ta wajen harshe da zumunta, wannan babu gardama. Sarautar Maraɗi kanta ta Katsinawa ce da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi. Ka biyo ta Jibiya ka shigo ta Ɗan Isa, da rana za ka yi tafiyar saboda halin da hanyar take ciki. Ɗakin haya ba ya wuyar samu a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Tsoho in kana da wanda zai tsaya maka. Ƙirgar kuɗi da dala da jika za ka iya ta cikin mako guda, mai kabu-kabu ma zai koya maka. Duk wannan ba abin tsayawa ba ne.

Takarda ita ce maganar. Ranar da ka karɓi aiki a Maraɗi, kai baƙo ne a idon dokar Nijar, ko da kakanka a Tibiri aka haife shi. Dokar ƙwadago da ake aiki da ita ta shekarar 2012 ce, kuma ta tanadi cewa kwantiragin ma'aikaci ɗan wata ƙasa sai a rubuce, sannan a kai shi hukumar samar da aikin yi, wato ANPE, ta buga masa hatimi. Mai ɗaukar ka aiki ne ya kamata ya nemi wannan hatimin. Bayan haka ya yi maka rajista a asusun fansho da kula da ma'aikata, CNSS, wanda mutanen gari ke kira Kes, a ba ka lamba taka. Kowane ƙarshen wata kuma a ba ka takardar albashi mai nuna abin da aka biya ka da abin da aka yanke na Kes da na haraji. Mako na aiki sa'a 40 ne. Hutu kwana biyu da rabi ne a kan kowane wata da ka yi aiki. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024. Ka haddace waɗannan kafin ka zauna gaban kowa, domin wanda bai san haƙƙinsa ba babu mai tuna masa.

Aikina na farko a gidan wani babban ɗan kasuwa ne, mai kai kaya tsakanin nan da Kano. Ranar da aka kai ni wurinsa na tambayi takarda, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, kai ɗana ne. Ɗa yana neman takarda wurin ubansa?" Wanda ya kai ni ya taɓa ƙafata alamar in yi shiru. Kuma ba zan ci amanar bawan Allah ba, ya riƙe ni da mutunci. Da aka yi mini haihuwa shi ya aiko da rago. Da mahaifiyata ta kwanta asibiti bai jira na roƙa ba. Amma a watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, motoci suka tsaya, sito ya cika da kayan da ba sa fita. Alhaji ya tsufa, harkar ta koma hannun 'ya'yansa, su kuwa ba su suka ce mini ɗa ba. Wata safiya aka ce in ɗan huta a gida har abubuwa su daidaita. Hutun nan bai ƙare ba. Na je ofishin sufetan ƙwadago, mutumin ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce in kawo kwantiragi, na ce babu. Takardar albashi ko guda, babu. Lambar Kes, babu. Ya ce ana iya kiran su a yi sulhu, amma in sani ba ni da abin riƙewa a hannu, ga shi kuma ni baƙo ne da ba a taɓa buga wa aikinsa hatimi ba. Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya, lokacin da na nemi aiki a wani biro, wato ofis, aka ce in kawo takardar shaidar aikin da na yi a baya. Shekarun da na yi ina riƙe lissafin miliyoyi, a takarda kamar ban taɓa taka Maraɗi ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga saurayi ya zo da digirinsa, an ce masa "ka fara kawai, za a yi takarda daga baya," shi kuma yana murna har yana kiran gida a taya shi addu'a. Daga bayan nan ba ta zuwa. Ka nemi takardar tun ana ganin girmanka, cikin ladabi, ta bakin dattijon da ya kai ka in kai kana jin nauyi. Ka ce iyali ne suka matsa, ka ce hukuma ce ke tambaya, kuma gaskiya ne tana tambaya. In an ce an yi maka rajistar Kes, ka je ofishinsu da ƙafarka ka tabbatar, don akwai gidajen da suke yanke kuɗin daga albashi ba sa kai su. In kwantiragin da Faransanci yake, kuma kusan kullum haka yake duk da kundin mulki na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, kada ka sa hannu a ranar. Ka kai wa wanda ya iya ya karanta maka layi-layi. Ka duba ko mai wa'adi ne, CDD, ko marar wa'adi, CDI. Ka duba tsawon lokacin gwaji, domin a cikinsa ana iya sallamarka cikin sauƙi. Ka tambaya adadin da aka faɗa maka kafin yanke-yanke ne ko wanda zai shiga aljihunka. Na san wanda ya kama hayar gida a kan adadin farko, wata ya ƙare ya ga na biyu.

Ga kuma takardar zama. Da can muna shiga muna fita da katin ECOWAS ba mai ce mana kanzil. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a wannan watan ne hukumomi suka fitar da sabuwar doka mai tsauri kan shiga da zaman baƙi. Kada ka dogara da labarin wanda ya zo shekara goma da suka wuce. Ka je ofishin 'yan sanda ka tambayi abin da ake buƙata yau, ka yi shi, ka riƙa yawo da kwafi.

Wuraren aiki a garin nan iri biyu ne, kuma ya kamata mutum ya san wanne zuciyarsa za ta iya ɗauka kafin ya ajiye na hannunsa. Gidan alhaji yana tafiya ne a kan amana da biyayya. Babu lokacin tashi. In mota ta iso ƙarfe goma na dare, kai ma ka iso. Ba a musu da maigida a gaban yara, ko kana da gaskiya, sai ka bari ya keɓe. Ranakun Litinin da Juma'a, da babbar kasuwa ke ci, ka manta da wata hidima taka. A madadin haka ana sanin matsalarka, ana zuwa sunanka da jana'izar danginka. Biro kuwa, na ƙungiyar agaji ko jami'a mai zaman kanta ko kamfanin waya, yana tafiya ne a kan takarda da matsayi. Komai sai an rubuta, komai sai ya bi ta hannun shugaban sashe. Albashi yana zuwa kan lokaci a yawancinsu, amma aikin ƙungiya yana ɗaure da kuɗin masu ba da tallafi, ranar da shirin ya ƙare kai ma ka ƙare. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 masu tallafi da dama sun ja baya, an janye izinin wasu ƙungiyoyi, har Red Cross ta ƙasa da ƙasa aka umarta ta rufe a Fabrairun 2025. Wanda ya bar aikin gwamnati mai fansho don kwantiragin wata shida ya sa wannan a lissafinsa.

Sannan akwai abin da takarda ba ta nunawa, wato ko za ka iya kwana da abin da ake sa ka yi. Wanda ya fito daga aji ko daga asibiti bai saba da wasu abubuwa na harkar iyaka ba. Za a iya ce maka ka rubuta rasit biyu, ɗaya na duwan, wato kwastan, ɗaya na gida. Za a iya ce maka ka cika sunayen mahalarta taron da ba a yi ba don a fitar da kuɗin zama. Wani kuma aikin bankin ba da rance ne ya samu, sai da ya fara ya gane ba zai iya da lissafin kuɗin ruwa ba. Na ga mutanen kirki sun rame a kan irin wannan, albashi mai kyau yana shiga amma ba su da sukuni. Ka yi bincike tun kafin ka shiga. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zauna da mai gadi da direba, ka sha shayi da su a fada, wato majalisar hira, ka tambaye su mutum nawa suka bar wurin a bana, kuma me ya kore su. Ka lura ko ana tsayawa a yi salla a kan lokaci ba tare da harara ba. 'Yar uwa mai neman aikin ƙungiya ta tambaya tun farko ko akwai kwana a ƙauyuka, irin su yankin Gidan Rumji inda 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato suke tun 2019, ta kuma daidaita da maigidanta ko iyayenta kafin ta amsa.

Mutanenmu suna da suna mai kyau a wajen aiki, kuma ina alfahari da hakan. Malamanmu na Turanci da lissafi, telolinmu, masu gyaran waya da injin, ma'aikatan jinya, duk ana yaba hazaƙarsu da saurin hannunsu. Abin da ake kuka da mu shi ne gaggawa da ɗaga murya da nuna mun fi kowa sani. Bamaraɗe ba ya son a shigo masa da magana ba a gama gaisuwa ba. Ka gaida kowa da safe, daga mai shara har darakta, ka kira malami Mushe in haka ake kiransa, ka daina cewa "a Najeriya ba haka muke yi ba." Maganar siyasar ƙasar nan kuwa ka bar wa masu ƙasa, a biro da fada da WhatsApp baki ɗaya.

In kana aikin gwamnati a gida, ka nemi hutun da babu albashi maimakon ka rubuta takardar ajiye aiki, har sai ka wuce lokacin gwaji kuma ka ga lambar Kes ɗinka da idonka. Iyali su dakata tukuna. Takardun makarantarka ka zo da na asali, a fassara su zuwa Faransanci wurin mai fassarar da hukuma ta amince da shi, ka kai kwafi ofishin magajin gari ko na 'yan sanda a buga musu hatimin tabbatarwa, ka yi da yawa domin kowane biro kwafinsa daban yake karɓa kuma ba ya mayarwa.