Yadda Ake Gane Samfuri da Shekarun Tsohuwar Katafila

Daga Sinnar zuwa Wad Madani, daga Manakil zuwa Gadarif da Damazin, ba a rasa tsohuwar katafila mai tafiya kan sarƙa, ko a bayan gareji ko a bakin tur'a, wato magudanar ruwan noma, ciyawa ta rufe mata ƙafa. Ba abin mamaki ba ne a Sudan, ƙasar da aka faɗaɗa noman Jazira zuwa Manakil tun ƙarshen shekarun 1950, aka gama madatsar Khashm al-Girba a 1964, ta Rusairis a 1966. Wanda zai sayi irin wannan na'ura don haƙa hafir, wato tafkin tara ruwa, ko usta, wato makaniki, da aka kawo masa ita gyara, tambayarsa ɗaya ce: wace iri ce, ta wace shekara? In an kuskure amsar, kuɗin kayan gyara sun tafi a banza, domin fistin ɗin katafila samfurin D4 ta 1945 ba ya shiga D4 ta 1950.

Fenti ba shaida ba ne. Kamfanin Caterpillar ya bar launin toka ya koma ruwan ɗorawa tun 1931, ya sake ɗan canza ɗorawar a 1979, amma da wuya ka ga na'urar da ba a sake mata fenti sau biyu ko uku ba. Haka rubutun "D7" da aka manna a gefen murfi: ko'ina ana yanka shi. Maganar mai sayarwa kuwa a saurara da ladabi, sannan a zagaya baya.

A baya lambar da masana'anta ta ba na'urar take. Ka tsaya a bayan na'urar, ka duba jikin babban akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera, sama da inda ake ɗaura abin ja, ta ɓangaren hagu. Akwai ɗan farantin ƙarfe da aka kafe da ƙananan ƙusoshi. Na biyu yana jikin injin, gefen hagu, wajen baya. Sau da yawa farantin ya ɓalle, sai ramukan ƙusoshin kawai. Kada ka tafi: kamfanin kan buga lambar a jikin ƙarfen kansa, daidai inda farantin ya rufe. In an ɗora winci ko wani abin aiki a baya, yana iya tare wurin, sai an leƙa da tocila.

Wurin zai kasance da baƙar laka da giris da suka daskare shekara da shekaru. A jiƙa da kananzir, a bari kamar minti goma, a kankare da katako, a bi da buroshin waya na hannu. Kada a sa injin gurza ƙarfe. Bugun lambar ba shi da zurfi, sau ɗaya dutsen ya wuce ya share ta har abada. In ta fito dishi-dishi, a goga alli a share da yatsa, farin zai zauna cikin ramin haruffan. A haska tocila daga gefe, ba daga gaba ba, inuwa ce ke fito da rubutu. A ɗauki hoto biyu ko uku, saboda 3 da 8 suna ruɗa ido, haka 5 da 6.

Lambar kashi biyu ce. Na farko gajere ne, adadi da harafi, kamar 7U ko 17A. Shi ke faɗin samfuri da zamani. Na biyu lissafin jeri ne, wato na'ura ta nawa ce a cikin wannan samfurin. Nan mutane da yawa ke faɗawa rami: adadin farko ba shi ne girman katafilar ba. 7U ba D7 ba ce, D4 ce. 8U D6 ce, amma 8R D8 ce. 2U ma D8 ce, 3T kuwa D7, 5T kuma D4. Harafi ɗaya ya raba na'urori biyu da ba su haɗa ko kusa a nauyi ba.

Ga waɗanda aka fi cin karo da su. D2 ta fito a 1938, aka daina ta a 1957: 3J da 5J har zuwa 1947, daga nan 4U da 5U. D4 mai 7J, 2T ko 5T ta tsakanin 1939 da 1947 ce, da injin D4400. Mai 6U ko 7U ta 1947 zuwa 1959 ce, da injin D315. D6 mai 4R ko 5R daga 1941 zuwa 1947, mai 8U ko 9U daga 1947 zuwa 1959, injinta D318. D7 mai 7M ta lokacin yaƙin duniya na biyu ce, 3T ta biyo daga 1944 zuwa 1955, sai 17A zuwa 1961, sai D7E mai 47A ko 48A har ƙarshen shekarun 1960. D8 kuma 2U daga 1945 zuwa 1953, sai 13A, 14A da 15A a tsakiyar shekarun 1950, sai D8H daga 1958 zuwa 1974, wadda 36A ke nufin giyar hannu, 46A kuma giyar da ake sauyawa da matsin mai. D8H da ka ga 22A ko 68A a jikinta ba daga Amurka ta fito ba, ƙirar masana'antar da kamfanin ya taɓa mallaka ce kusa da Gilasgo a Birtaniya, kuma littafin kayan gyaranta daban ne. A lura da wannan sosai a nan Sudan, inda kayan Birtaniya suka daɗe suna shigowa.

Kashin farko ya ba ka zango na shekaru. Shekara takamaimai tana cikin kashi na biyu, kuma sai da teburin lambobi, wanda ke nuna lambar da aka fara da ita kowace shekara. Dillalan kamfanin suna da shi, ƙungiyoyin masu tara tsofaffin na'urori ma sun sa shi a intanet. Kada ka yi lissafin raba-daidai da kanka. An ƙera 7U sama da 40,000 cikin shekara goma sha biyu, amma ba daidai wa daida kowace shekara ba. Ga mai gyara ma, lambar jerin ta fi shekarar amfani, domin littafin kayan gyara da ita yake magana: wannan famfo na lamba kaza ne zuwa kaza, wancan daga kaza zuwa sama.

A tsofaffin samfura irin su D2, D4 da D6 masu U a lambarsu, lambar injin da ta baya ɗaya ce daga masana'anta. In sun saɓa, an sauya injin. Wannan ba aibi ba ne, da yawa daga waɗanda suka rayu zuwa yau haɗe-haɗe ne, an ci gawar biyu an tada ɗaya. Sai dai ka rubuta lambobin biyu: kayan injin da lambar injin, kayan giya da kuloci da sarƙa da lambar baya. Wuƙar gaba da winci su ma suna da farantinsu, kuma ba sa faɗin shekarar na'urar. Kafin tsakiyar shekarun 1940 Caterpillar ba ya ma ƙera wuƙa, wasu kamfanoni irin LeTourneau ke yi masa. Wuƙa mai igiyar waya ta girmi mai haidirolik a zamani, amma an maida da yawa daga wannan zuwa wancan.

To, in lambar ta ɓace gaba ɗaya fa? Sai awo. Ƙirga bututun mai da ke fita daga famfon dizal zuwa kan injin, kowane ɗaya silinda ɗaya. D2, D4 da tsohuwar D7 huɗu ne. D6 daga 1941, da D8, shida. Uku kuwa tsohuwar RD6 ce ta shekarun 1930. Sannan auna daga tsakiyar sarƙar hagu zuwa tsakiyar ta dama. Inci 40 ko 50, wato santimita 102 ko 127, D2 ce: 3J da 4U ƙuntatattu, 5J da 5U masu faɗi. Inci 44 D4 ce. Inci 60, santimita 152, ko dai D4 mai faɗi ko D6 ƙuntatacciya, silinda za su raba gardama. Inci 74, santimita 188, in shida ce D6, in huɗu ce manya D7.

Dubi yadda ake tada ta. Tsofaffin suna da ƙaramin injin fetur mai silinda biyu wanda ke juya babban har ya kama. A D2, D4 da D6 yana kwance a bayan injin, gaban direba. A D7 da D8 yana tsaye a gefen hagu. Turbo daga masana'anta yana nuna ƙarshen shekarun 1950 zuwa sama, haka rashin doguwar sandar kuloci ta hannu. In babban haƙorin da ke jan sarƙa yana sama, sarƙar ta yi kusurwa uku, wannan ba tsohuwa ba ce a wannan lissafi, salon ya fara ne da D10 a ƙarshen shekarun 1970.

Akwai wata shaida da 'yan kaɗan suka sani. A jikin manyan sassan zubi, kamar gangar injin da kan injin, za ka ga wasu haruffa masu kama da shirme. Kwanan watan zubi ne, an ɓoye shi da kalmar NUMERALKOD: N sifili, U 1, M 2, E 3, R 4, A 5, L 6, K 7, O 8, D 9. A tsofaffin sassa shekara ce ke zuwa ƙarshe, don haka AO na nufin 58, LE kuma 63. Wannan ranar da aka zuba ƙarfen ce, ba ranar haɗa na'urar ba, kuma na wannan sashe ne kaɗai. A karanta uku ko huɗu daga wurare daban-daban. In akwatin baya da gangar injin sun yi kusa a shekara, ka samu. Wanda ya yi nisa da sauran shi ne aka sauya. Agogon awoyin aiki kuwa kada ya ruɗe ka, yana cika ya koma sifili, yana mutuwa, ana ciro na wata a sa.

Mu dai duk mai sarƙa katafila muke ce mata, amma ba duka ne na Caterpillar ba. In ka ga fulogogi da kafireta a gefe ɗaya na babban injin, famfon dizal a ɗaya gefen, International ce, irin TD-9, TD-14 ko TD-18, masu tashi da fetur a juya su zuwa dizal. Komatsu ta Japan ma da D take suna, amma adadinta babba ne, D50, D65, D85, kuma lambar da ke bayan ɗan layi ita ce zamanin samfurin. Wadda ta fi yaudara ita ce ta Rasha, S-80 da S-100 na masana'antar Chelyabinsk, waɗanda aka kwaikwayo daga D7. Daga nesa kamar tagwaye. Duba rubutun zubi a jikin lagireto da gangar injin, haruffan Rashanci ne, sannan gwada sifana: kusoshinta na milimita ne, na tsohuwar D7 na inci.