Yadda Za A Sake Karanta Ruwan Bagaja Tare Da Yara

Duk wanda ya ɗauki darasin Hausa a makarantar boko, da wuya a ce bai taɓa riƙe Ruwan Bagaja a hannunsa ba. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta shi yana malami a Makarantar Midil ta Katsina, domin shiga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, aka kuma buga shi a 1934. An haifi Imam a 1911, ke nan saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai lokacin da ya ƙago jarumin labarin, Alhaji Imam, da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kuma wannan ƙuruciya tana nan a cikin littafin: sauri, barkwanci, da rashin tsayawa dogon wa'azi. Saboda haka ne har yau yake kama yara, muddin an san yadda za a miƙa musu shi.

Abu na farko shi ne a samo littafin kansa, na takarda. Kamfanin ɗab'i na Northern Nigerian Publishing Company (NNPC) na Zariya ne ya daɗe yana buga shi, kuma masu sayar da littattafan Hausa a manyan kasuwanni sun san shi sarai. Idan za ka saya, ka buɗe tsakiya ka duba ko haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun fito sosai, domin akwai kwafe-kwafe da ke yawo a wayoyi waɗanda aka sake bugawa ba tare da su ba. Babba yana iya gane abin da ake nufi daga ma'anar jimla, amma yaron da ke koyon karatu zai riƙa tuntuɓe tsakanin kasa da ƙasa, ko bari da ɓari, har karatun ya gundure shi.

Bayan an samo shi, kada ka tara yara a daren farko. Ka karanta shi kai kaɗai daga farko har ƙarshe, wanda ba zai ɗauke ka fiye da zama biyu ko uku ba, tun da littafin ba shi da kauri. A ganina wannan ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa, domin kowa yana ganin ai ya san labarin. Gaskiyar magana ita ce abin da ya rage a ƙwaƙwalwarmu bayan shekara ashirin ko talatin ya sha bamban da abin da ke rubuce a takarda. Ni da kaina na taɓa yin wannan kuskure. Na fara karanta wa yarana kai tsaye bisa dogaro da tunanin ƙuruciya, sai ga ni a tsakiyar wani wuri inda Alhaji ya shirya wa mutum makirci mai tsanani, babbar 'yata ta ɗago kai ta ce, "Baba, to ba shi ne mutumin kirkin ba?" Ban shirya wa tambayar ba, amsar da na bayar kuwa ba ta gamsar da ita ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba.

Idan ka sake karantawa da idon manya za ka ga cewa Alhaji Imam na cikin labarin ba waliyyi ba ne. Dalilin fitarsa daga Kwantagora mai kyau ne, domin ya tafi neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke limamin da ya rene shi daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Amma a kan hanya yana yaudara, yana ƙarya, shi da Malam Zurƙe kuma kowa yana haƙa wa ɗan'uwansa rami, yau wannan ya yi nasara gobe wancan ya rama. Akwai duka, akwai ɗauri, akwai mutuwa, akwai kuma wuraren da ake kwatanta wasu al'ummomi da irin harshen wancan zamani, wanda ba za ka so ɗanka ya ɗauka ya je makaranta yana faɗa wa abokansa ba. Ka riƙe fensir kana karantawa, ka sa alama a irin waɗannan wurare, ka yanke shawara tun da wuri: wanne za ka karanta ka tsaya ku tattauna, wanne kuma za ka taƙaita da bakinka idan yaran ƙanana ne. Ba na goyon bayan a share duk wani abu mai ɗaci, domin yaro ɗan shekara goma ya riga ya san akwai mayaudara a duniya, kuma ya fi kyau ya fara yin hukunci a kan halinsu yana zaune kusa da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Waɗanda ba su kai shekara takwas ba kuwa, gajerun labaran Magana Jari Ce sun fi dacewa da su.

Sai zaɓen lokaci. Bayan sallar isha'i, lokacin da a da ake zaman tatsuniya a tsakar gida, shi ya fi dacewa a yawancin gidaje, kuma minti goma sha biyar zuwa ashirin sun isa. A kashe talabijin, kai ma ka ajiye wayarka nesa. Tsarin littafin yana taimakawa, domin tafiya ce daga gari zuwa gari, kowane gari da abin da ya faru a cikinsa. Dabarar ita ce kada ka tsaya inda rikici ya ƙare, ka tsaya inda ya yi tsanani, misali daidai lokacin da Malam Zurƙe ya sake ɓullowa alhali Alhaji yana zaton ya rabu da shi. Ka rufe littafin ka ce sai gobe idan Allah ya kai mu. Za su yi ta magiya, amma ka daure, domin wannan magiyar ce za ta dawo da su kan tabarma washegari ba tare da an kira su ba.

Wajen karatun kansa, a ɗaga murya a kuma ba kowa muryarsa. Sarki ya yi magana da nauyi, alƙali da isa, Malam Zurƙe da irin muryar da yara za su gane shi tun kafin a ambaci sunansa. An rubuta littafin ne a kan tsarin mai ba da labari da baki, tun daga zuwan Koje Sarkin Labari a farkonsa, saboda haka kunne ya fi ido jin daɗinsa.

Za ku riƙa cin karo da kalmomin da yaran yau ba su saba ji ba, kuma nan ne amfanin zaman ya fi yawa. Kada ka tsaya fassara kowace kalma, domin labarin zai mutu. Ka zaɓi biyu ko uku a kowane dare, ka fara tambayarsu abin da suke zato kafin ka faɗa musu. Kalmomin tafiya irin su ayari da fatake da zango suna buɗe hira a kan yadda ake fatauci kafin zuwan mota. Batun kuɗi ma haka yake, domin yaron da ya tashi da naira, wadda aka fara amfani da ita a 1973, bai san cewa kwabo goma sha biyu ne sule ɗaya ba, sule ashirin kuma fam ɗaya, ko cewa sisi kwabo shida ne, taro kuma uku. Idan akwai kaka a gidan, a bar mata wannan bayani, domin ta kashe waɗannan kuɗaɗe da hannunta, za ta kuma faɗi abin da sisi yake saya a zamaninta. Haka nan yana da kyau a nuna musu Kwantagora a taswirar Jihar Neja, su san cewa gari ne na gaske wanda har yau sarkinsa ke riƙe da sarautar Sarkin Sudan.

Bayan kwana uku ko huɗu, ka fara miƙa wa babban cikinsu littafin ya karanta sakin layi ɗaya. Yaran da ke makarantun da Turanci kaɗai ake koyarwa sukan yi jinkiri a karatun Hausa ko da suna jin ta sosai, saboda haka kada a yi musu dariya, kada kuma a gyara kowane kuskure nan take. A bari ya kai ƙarshen jimla, sau da yawa shi da kansa zai ji cewa abin da ya faɗa bai yi ma'ana ba, ya koma ya gyara.

Abin da nake gargaɗi a kansa ƙwarai shi ne mayar da zaman ya zama jarrabawa. Da yawa daga cikinmu mun karanta wannan littafi ne domin amsa tambayoyin malami, sai mu ɗauka haka ake yi, mu riƙa tambayar yaro sunan gari ko jigon labari. Tambayoyin da ke sa yaro magana su ne waɗanda ba su da amsa guda: wa ya fi laifi a wannan karon, Alhaji ko Zurƙe? Da kai ne alƙalin, wane hukunci za ka yanke? Ka saurari amsar har ƙarshe, ko da ta saɓa da taka, sa'annan ka faɗi ra'ayinka a matsayin ra'ayi.

Idan kun kammala, ka rubuta sunayen yaran da ranar da kuka gama a cikin bangon littafin, ka ajiye shi inda hannunsu zai kai. Daga nan sai ku shiga littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, inda aku ke ba Musa ɗan sarki labari dare bayan dare domin ya hana shi fita daga gida, a wannan karon kuma ka bar babban yaron ya fara buɗe shafin farko.