Kafin ka je ƙorafin kuɗin wuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Lokacin zafi ya kama, fanka da firij ba sa hutawa, takardun kuɗin wuta kuma sun fara ɗaga wa mutane hankali. Mai niyyar zuwa ofishin NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, kada ya tafi da baki kawai.

Ranar da ma'aikaci ya zo duba mita, ka ɗauki hoton lambobin da wayarka, yadda za su fito sarai. In takarda ta iso, akwai lambar wancan wata da ta wannan wata. Cire tsohuwar daga sabuwar, abin da ya rage shi ne wutar da ka sha. In lambar da aka rubuta ta wuce wadda ke kan mitarka yau, to akwai kuskure, kuma hoton nan ne shedarka. In kuwa sun yi daidai, duba gida: kashe komai, ka tsaya gaban mita. Tana ci gaba da tafiya? Ko waya na zubar da wuta, ko wani ya jona a bayanka. Masu zama a gidan haya su fi lura da wannan.

Ƙorafi a rubuce ake yinsa, kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Kowane kuɗi ka biya, karɓi rasit. Wanda ya ce ka ba shi na goro ya gyara maka a ɓoye, rabu da shi, tarar a kanka za ta faɗa.

In an daɗe shiru, akwai hukumar ARSE a Yamai, mai sa ido kan harkar makamashi, kana iya kai mata kuka da takardun nan.