Mazari da ƙoƙi-ƙoƙi: shawara ga masu shuka a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Agege da Idi-Araba, musamman masu shuka alayyafo da tattasai a buhuna da bokitai. Kafin ku ɗauko maganin feshi a daminar nan, ku bambance ƙwari biyu da ke yi muku aiki kyauta.

Mazari a sama yake farauta da rana, yana cafke sauro da ƙananan ƙudaje yana cikin tashi, kuma ba ya harbi. 'Ya'yansa a ruwa suke girma, inda suke cin tsutsar sauro, sai dai sukan ɗauki watanni kafin su yi fiffike, alhali sauro yana kammala girma cikin kimanin kwana 10. Saboda haka kada wani ya bar ruwa a tsohuwar taya da sunan kiwon mazari. Sauron ne zai riga shi fitowa.

Ƙoƙi-ƙoƙi kuwa ɗan kwanton ɓauna ne. Yakan lafe a kan ganye, ya naɗe ƙafafunsa na gaba masu ƙaya, yana juya kai har abin ci ya matso. Na taɓa tsayawa ina kallonsa yana cin fara a kan tumatirina, bai bar komai ba sai fukafukai. Aibinsa shi ne ba ya zaɓe, domin har ƙudan zuma mai taimakon fure yana kamawa, shi ya sa a ganina mazari ya fi shi amfani a gida.

Idan kun ga wani dunƙule mai kama da busasshen kumfa manne a reshe, ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi ne, ku bar shi.