Darasi na Bakwai: Wuta, Shanu da Kunyar Gona a Tsaunukan Gashaka-Gumti

Karatu

Kowa ya karanta layi biyu da ƙarfi, na kusa da shi ya ɗora.

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Nijeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Kudancinsa yana Jihar Taraba, arewacinsa yana Jihar Adamawa, ta gabas kuwa ya jingina da iyakar Kamaru. Gwamnatin Tarayya ta kafa shi a 1991, da ta haɗe tsofaffin gandaye biyu, na Gashaka da na Gumti. Babban ofishinsa yana Serti, a kan hanyar hawa Mambila.

Wajen Toungo, a arewa, yawanci fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Kudu kuwa duwatsu ne da kwaruruka da kurmi. Can ne Chappal Waddi yake, wanda wasu ke kira Gangirwal. Tsayinsa mita 2,419, babu tsaunin da ya kai shi a duk Nijeriya. Akwai ɓauna a gandun, akwai gwanki da dorina da gwaggon biri. Akwai kuma babban birin nan, cimfanzi, wanda masu bincike suka riƙa zuwa Kwano, wani wuri a cikin gandun, daga ƙasashe masu nisa don nazarinsa.

Akwai mutane ma a ciki. Kan tudu akwai sanyi, ƙudan tsando ba ya son wurin, saboda haka shanu ba sa fama da sammore kamar a kwari. Abin da ya ja Fulani makiyaya suka hau ke nan. Da aka shata gandu, sai aka ware musu wasu wurare, su da manoma, inda doka ta yarda a zauna, a yi kiwo, a yi noma. Chappal Hendu da Chappal Shirgu da Filinga da Sabere suna cikinsu. Darasin nan nasu ne, da na duk wanda gonarsa ko makiyayarsa take kan gangare.

Ƙasar kan tsauni ba ta da kauri. Ka haƙa kamu biyu ko uku a wani wurin, sai ka ji fartanya ta daki dutse. Wannan 'yar ƙasar ce take riƙe ruwan damina, tana sakinsa kaɗan-kaɗan cikin ƙoramu har rani. Ƙoramun su ne suke zama Mayo Kam da Mayo Gashaka, su zuba a Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai, har Lakwaja. Idan ƙasar ta tafi, ruwan sama zai sauko gaba ɗaya a yini guda, jajawur, ƙorama kuma ta ƙafe tun kafin hunturu ya wuce.

Wuta

Ba za mu ce kada a sa wa daji wuta ba. Wanda ya faɗi haka bai taɓa kiwo ba. Makiyayi yana ƙona busasshiyar ciyawa don sabon toho ya fito, kuma wuta tana rage kaska. Ma'aikatan gandu da kansu suna ƙona daji kowace shekara. Maganar ita ce yaushe, kuma ta yaya.

A watan Nuwamba zuwa farkon Disamba, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Saman ciyawa ya bushe, gindinta yana da danshi, da safe kuma akwai raɓa. Wutar wannan lokaci ba ta da ƙarfi. Tana tafiya a hankali, ta ci nan ta tsallake can, dare na yi ta mutu da kanta. Ba ta kai ga saiwa. Ƙananan itatuwa suna ɗan babbakewa su farfaɗo. Namun daji da tsuntsaye suna samun wurin fakewa a inda ta tsallake.

Wutar Fabrairu da Maris daban take. Komai ya bushe ƙayau, ga iska. Harshenta yana fin mutum tsayi, tana cin ganyen da ya rufe ƙasa, ta kashe ƙananan itatuwa, ta bar tudu tsirara. Ruwan farko na zuwa wajen Afrilu da ƙarfinsa, ya tarar babu abin da zai tare shi, sai ya kwashe toka da ƙasa ya gangara da su. Kuma ita ce wutar da take gutsurar kurmi. Ku dubi kurmin da ke lungun tsauni, inda idon ruwa yake. Bana wuta ta ci taku biyar na bakinsa, baɗi ciyawa ta tsiro a wurin, ta bushe, wuta ta ƙara shiga taku biyar. Dattawan da suka daɗe a kan tudu suna iya nuna maka inda bakin kurmi yake a da. Ka tambaye su.

In za a ƙona, ga yadda ake yi. A fara share hanyar wuta, wato a nome ciyawa a kwashe, faɗin taku biyar ko fiye, kewaye da kurmi da idon ruwa da gidaje da rumbuna. A zaɓi sassafe ko yamma lis, lokacin da iska ta kwanta. A kunna daga sama wutar ta riƙa gangarowa, domin wuta gudu take yi in tana hawa, in tana sauka kuwa rarrafe take. Kada mutum ɗaya ya yi aikin. A samu mutane da ɗanyen ganye a hannu, kuma kada a watse sai an ga ta mutu. A bar wani yanki ba a ƙona ba, baɗi a juya. A gaya wa maƙwabta, a gaya wa Arɗo ko Jauro, a gaya wa ma'aikatan gandu. Bayan iyakar da aka ware wa jama'a kuwa, sa wuta aikin ma'aikata ne, wanda ya yi gaban kansa ya taka doka.

Hira

Mutum biyu su tashi. Ɗaya ya zama dattijo makiyayi, ɗaya ya zama saurayi ma'aikacin gandu.

"Salamu alaikum, Baffa. An wuni lafiya? Ya shanu?"

"Lafiya lau, ɗana. Shanu sai godiya, amma ciyawa ta yi ƙaranci. Da na hau tudun nan ina saurayi, ciyawa tana kai wa saniya ciki. Yau dubi."

"Na gani, Baffa. A wancan lokacin garke nawa ne a nan?"

"Ba mu fi a ƙirga da yatsu ba."

"Yanzu fa?"

"Kai dai bari. 'Ya'yanmu sun yi nasu garken, ga baƙi suna hawowa. Ɗan'uwanka ya zo da shanunsa, ka ce masa ya koma?"

"Da wuya, Baffa. Amma tudun bai ƙara faɗi ba."

"Gaskiyarka. To ku ma ku ji tamu. Gwaggon biri ya cinye wa ƙanena rabin masara, babu wanda ya zo ya ce sannu. In saniyata ta tsallake iyaka da taku goma, kafin la'asar kun iso."

"Allah ya huci zuciyarka, Baffa. Zan kai maganar gaba. In an kira taro, don Allah ka zo ka faɗe ta da bakinka."

"In an kira mu da mutunci, za mu zo."

Dattijon nan yana da gaskiya, saurayin ma haka. Wanda biri ya cinye wa gona ba zai saurari wa'azin kare daji da daɗin rai ba, kuma bai kamata a ga laifinsa ba. Tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors take aiki tare da hukumar gandayen daji ta ƙasa wajen kula da Gashaka-Gumti, ana ɗaukar samarin yankin aikin tsaro ana horar da su. Hakan yana da kyau, domin ɗan gari ya san wanda zai gaisar kafin ya yi magana. Sai dai sintiri ba ya tsirar da ciyawa. Wannan yana hannun masu shanu.

Shanu

Makiyaya tana nuna gajiya kafin ta mutu. Ciyawa mai daɗi tana raguwa, mai tauri wadda shanu ke ƙi tana yawaita. Wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu yana mamaye gangare, kuma yana cutar da saniyar da ta ci shi da yawa. Sawun shanu yana zama layi-layi a jikin tudu. Ruwa ya bi layin, ya zama rami, rami ya zama kwazazzabo.

Maganin farko hutu ne. A raba makiyaya kashi uku ko huɗu bisa yarjejeniya, a bar kashi ɗaya ba a shiga ba har ciyawarsa ta yi 'ya'ya ta zubar. Wannan ba ya yiwuwa sai duk rugagen wurin sun yarda, shi ya sa maganar take komawa gaban Arɗo. A riƙa sauya wurin kwanan shanu, kashinsu ya bazu, ƙasa kuma kada ta daddaɓe a wuri ɗaya. A tsayar da mashaya guda a inda ƙorama take da dutse, kada shanu su riƙa sauka ta ko'ina suna rusa gaɓa. Kada a kai su idon ruwa sam.

Sai maganar da ba a so, wato yawa. Shanu hamsin masu ƙiba sun fi ɗari masu ƙashi nono, sun fi su kuɗi a kara. Kowane makiyayi ya san haka, faɗa ce mai sauƙi, sayarwar ce da ciwo.

Madobiya ma ta shiga lissafi. Ganyenta ne abincin shanu da rani, sassabe reshe ake yi itacen ya sake tohowa. A shekarun baya masu injin yanka sun kwashe ta da yawa a Taraba ana fita da ita ƙasar Sin. Wanda ya nuna musu hanya don kuɗin yini ɗaya, abincin ranin garkensa ya sayar.

Kunya

Manomin gangare ya dubi kunyarsa. In ta miƙe daga sama zuwa ƙasa, kowace kwari magudana ce, da hannunsa ya gina wa ruwa hanyar kwashe masa gona. Kunya gicciye ake yi, ta rungumi tudu kamar ɗamara. Amma ido yana ruɗi, sai ka ga kamar layi ya daidaita alhali ya karkata. Akwai ma'aunin da kowa zai iya haɗawa a gida, kuma kun riga kun san siffarsa, domin harafin A ne.

A samo sanduna biyu masu tsayi ɗaya, kamar tsayin mutum, a ɗaure kawunansu. A gicciya ta uku a tsakiya a ɗaure. A rataya igiya daga sama da ɗan dutse a ƙarshenta, ta wuce sandar tsakiya. A tsayar da ma'aunin a ƙasa, a yi alama inda igiya ta taɓa sandar. A juya shi, ƙafar dama ta koma gurbin ta hagu, a sake yin alama. Tsakiyar alamun biyu ita ce shaidarka, a karta ta da wuƙa.

A gona, a kafa ƙafa ɗaya, a riƙa matsar da ɗayar sama ko ƙasa har igiya ta tsaya a kan shaida. A kafa turke a nan. A juya a kan wannan ƙafar a ci gaba, har ƙarshen gona. Turakun nan su ne layinka. A bi su da kunya. In akwai duwatsu a gonar, a jera su a kan layin, an jefi tsuntsu biyu ke nan, gona ta washe, ƙasa ta samu abin tokara. A dasa jema a bayan duwatsun, saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai ta riƙe. Gwargwadon tsananin gangare, gwargwadon kusancin layuka. Inda ya yi tsaye har mutum ba ya iya noma sai da dafa ƙasa, a bar wa itatuwa, a rataya amya, zuma ma kuɗi ce. Bakin ƙorama kuma a bar masa ciyawarsa da itatuwansa, kada fartanya ta kai gaɓa.

Rubutu

A kwafi waɗannan kalmomi sau uku-uku, a kula da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ: ƙorama, ƙasa, gaɓa, ɓauna, ɗamara, kwazazzabo, zaizaya.

A cike gurbi:
Wutar watan ________ ba ta kai ga saiwa.
Ana kunna wuta daga ________ ta riƙa gangarowa.
Kunya a kan gangare ________ ake yin ta.

Lissafi

Gona tana da tsawon taku 60 daga sama zuwa ƙasa. Mai ita yana son jerin duwatsu bayan kowane taku 10. Jeri nawa zai yi?

Rugage 4 sun raba makiyayarsu kashi 4, kowace shekara kashi ɗaya yana hutawa. Bayan shekara nawa kowane kashi zai samu hutu sau biyu?

Aikin gida

Maza da mata, kowa ya nemi wani tsoho ko tsohuwa a unguwarsu ya tambaya: wace ƙorama ce a da ba ta ƙafewa da rani, yanzu tana ƙafewa? A rubuto sunanta a takarda, ko da kuskure, za mu gyara tare. Mutum uku-uku kuma su haɗa ma'aunin harafin A su zo da shi. Ranar darasi na gaba ba a aji za mu zauna ba, a gonar da ta fi kusa da makaranta za mu haɗu da ƙarfe 7 na safe. A taho da turaku da fartanya.