Yadda ake rage wa babur ɗin gudu nauyi ba tare da an illata shi ba

Duk wanda ya taɓa tura babban babur cikin rairayin wani lungu a unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, inji a mace, rana tsaka, ya san abin da ake kira kilo 190. Nauyin Yamaha R6 ke nan in tankinsa a cike yake. Samarin Maraɗi masu irin waɗannan babura, R6 ne ko CBR ko Ninja, in suka zauna hira ba su da zance sai na ƙarfin inji. Alhali taɓa inji aiki ne mai cin kuɗi, mai saurin jawo da-na-sani. Rage nauyi kuwa riba uku gare shi: babur ya fi saurin tashi, ya fi jin birki, ya fi miƙa wuya a kwana.

Kamfanin Honda ya nuna wa duniya haka tun 1992, lokacin da injiniya Tadao Baba ya fito da CBR900RR Fireblade. Ba shi ne ya fi sa'o'insa ƙarfin inji ba, amma kilo 185 kawai gare shi ba mai ba ruwa, ga shi ya wuce su.

Sai dai mafi yawan kayan rage nauyi don filin tsere na Turai aka ƙera su, inda kwalta take sumul. Mu kuwa rairayi gare mu, da ramuka, da zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Don haka ba duk abin da ka gani a hoto ne zai karɓi babur ɗinka ba.

Fara da sikeli

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, auna babur ɗin. Cika tanki har baki, domin litar fetur ɗaya tana kai kusan giram 750, wato tanki mai lita 17 ya doshi kilo 13. In ka auna yau da rabin tanki gobe da cikakke, kanka ka yaudara. Nemi sikeli na taka-ka-gani, ka ɗora tayar gaba a kai, ta baya kuma a kan katako mai tudu daidai da sikelin. Rubuta. Juya ka auna ta baya, ka haɗa biyun. In kana da sanayya da masu awon wake da gyaɗa, babban sikelinsu ya fi sauƙi. Daga nan duk abin da ka cire ka auna shi, duk abin da ka sa ka auna shi, ka riƙa rubutawa a ɗan littafi. Mai shago zai rantse maka cewa kayansa ba nauyi. Sikeli ba ya rantsuwa.

Kwashe abin da ba ka biya ko dala

In ba ka ɗaukar kowa a baya, matakan ƙafar fasinja da ƙarafunan da ke riƙe su za su iya sauka. Haka doguwar robar da ke riƙe lamba a baya, ana musanya ta da gajera. Ga kuma kwalliyar da wanda ya riga ka mallakar babur ɗin ya liƙa: ƙarin fitilu masu launi, ƙaho biyu, ƙarafunan ado. Adana komai cikin kwali, ranar sayarwa za a tambaye ka su.

Madubi, sigina, fitila da lamba kuwa, bar su inda suke. Nauyinsu bai taka kara ya karya ba, kuma rashinsu zai haɗa ka da ƴan sanda kafin ma ya haɗa ka da mai kabu-kabun da ya ɓullo ta bayanka.

Batir

A ganina nan ne kuɗi ya fi yin aiki. Batir na dalma da ke zuwa da babur mai cc 600 yana kai kilo uku da ɗoriya, na lithiyom mai ƙarfi daidai da shi bai cika kilo ɗaya ba. Kilo biyu sun tafi cikin minti goma, kuma daga ƙarƙashin sirdi, wato sama, inda nauyi ya fi damun babur a kwana.

Amma da sharaɗi. Nemi nau'in da aka rubuta wa LiFePO4, shi ne ya fi jure zafi. Kafin ka ɗaura, sa bakanike ya auna wutar da babur ke bayarwa inji na aiki. Ana so ta tsaya wajen bolt 14 zuwa 14 da rabi. In tana haura 15, na'urar daidaita caji ta lalace, kuma za ta kashe sabon batir ɗin, ko ta kumbura shi. Tsofaffin babura sun fi fama da wannan ciwo. Kada kuma a kai shi wurin masu cajin batir ɗin mota su jona shi da kowace irin na'ura. Yana da tasa caja.

Salansa

Nan kilo suka fi taruwa, nan kuma aka fi yin ɓarna. Salansar kamfani ƙarfe ce mai kauri, ga tukunyar tace hayaƙi a cikinta. Hanya biyu ce. Ko ka canza tulun ƙarshe kaɗai, ka samu ragin kilo ɗaya zuwa uku ba tare da ka dami inji sosai ba, ko ka canza bututun gaba ɗaya tun daga bakin inji, inda ragin kan kai kilo huɗu ko fiye in na titaniyom ne. Dalili a fili yake: titaniyom mai girma daidai da ƙarfe bai kai kashi 60 cikin 100 na nauyinsa ba. Sunayen da aka sani a wannan fage su ne Akrapovič na ƙasar Sulobeniya, Yoshimura na Japan da Arrow na Italiya.

In ka zaɓi hanya ta biyu, dole a sake saita kwamfutar da ke auna wa inji mai. Bututu ya buɗe, iska ta ƙaru, mai bai ƙaru ba: inji zai riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima, ga zafin garinmu a kai. Idan ba ka da wanda zai yi maka wannan saiti, a nan ko Yamai ko Kano, tsaya a tulun ƙarshe. Na ga wanda ya kai babur wurin mai walda aka yanke masa tukunyar aka jona bututun banza. Ƙara ta samu, har unguwa ta san fitarsa da dawowarsa, amma babur ɗin ya koma yana shaƙewa a ƙaramin gudu, yana harbi in an saki totur.

Jabu ma ya cika kasuwa, tambari kawai ake mannawa. Riƙe maganaɗisu a aljihu: in ya kama jikin salansar, ba titaniyom ba ce. Rashin kamawa dai ba shaida ba ne, domin alminiyom ma ba ya kamawa, don haka a koma kan sikeli. Ƴar toshiyar rage ƙara da ke bakin tulun kuma ka bar ta, giram kaɗan ce. Maƙwabta suna da haƙƙi, balle in kana fita da asuba.

Abin da ke juyawa

Kilo ɗaya a taya ya fi kilo ɗaya a sirdi wahalar da babur, domin inji sai ya tura shi gaba kuma ya juya shi, birki ma sai ya tsayar da duka biyun. Shi ya sa masu tsere suke zuba kuɗi a sarƙa da wili.

Manyan babura suna zuwa da sarƙa mai lamba 525 ko 530. Ana mayar da ita 520, wadda tsawon gaɓarta ɗaya ne da nasu, faɗi ne kawai ya ragu. Ana canza ta tare da farantan haƙora biyu, na gaba da na baya, ba a haɗa sabuwa da tsoho. Ragin yakan kai rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Masu R3 da Ninja 400 ku huta, naku da 520 ya zo. Abin lura shi ne farantin baya: na alminiyom ya fi sauƙin nauyi, amma rairayi in ya haɗu da man sarƙa ya zama tamkar dutsen wasa wuƙa, nan da nan haƙoran su cinye. Akwai mai cikin alminiyom da haƙoran ƙarfe, irin na Supersprox. Shi ya dace da mu.

Wili kuwa, nan zan ja maka birki. Na zaren kabon, irin wanda BST na Afirka ta Kudu ke yi, da na magniziyom irin na Marchesini, suna sauya babur har ka rantse wani ne. To amma kuɗinsu zai sayi wani babur ɗin sukutum, kuma ramin da zai lanƙwasa wilin alminiyom a gyara, shi kabon tsagewa yake yi, ba shi da gyara. Wanda ke bin hanyar Ɗan Isa ko ta Tasawa bayan damina ya san ba kullum ake hango rami da wuri ba. In lallai sai ka canza, nemi na alminiyom ɗin da aka matse da ƙarfi, ba wanda aka zuba a narke ba.

Inda ba a taɓawa

Notin alminiyom masu launi suna da kyau a jikin roba, nan kaɗai. Ba a sa su a birki, ko sandar taya, ko inda inji ke zaune. Ba a huda firam, ba a yanke shi. Ba a cire matatar iska don neman ragin giram ɗari, domin hunturu ɗaya ya ishi ƙura ta cinye inji. Fankar lagireto da na'urar ABS mai hana taya cijewa in an taka birki, in akwai, su ma su zauna. Kai ma mahayi kada ka ce za ka rage nauyi da ajiye hular kwano.

Sake awo, sake saiti

Da ka gama, cika tanki ka koma sikeli. Da batir, da salansa, da sarƙa, da tarkacen da ka kwashe, kilo shida zuwa goma abu ne mai yiwuwa a babur mai cc 600. Duba kuma yadda nauyin ya rabu tsakanin gaba da baya, domin galibin abin da ka cire daga baya yake. Hau babur ɗin da kayan da ka saba sawa, wani ya riƙe maka shi, wani ya auna yadda ya nutse daga tsayinsa na lokacin da taya ke sama. Wajen milimita 30 zuwa 35 ake nema a hawan titi, in ya kauce a juya zoben sifirin a daidaita. Duba iskar taya, duba tsaurin sarƙa.

Fitar farko a yi ta da sassafe, a hankali, kan hanyar da ka sani kamar ta Tibiri, kana gwada birki kaɗan-kaɗan. In ka dawo inji ya huce, bi duk notin da aka taɓa ka sake ɗaure su, musamman na bakin salansa, domin su ne ke saki bayan zafin farko.