Yadda ake raba rubutu da layin kwance a shafin intanet

Buɗe fayil ɗin HTML, wato fayil ɗin da ke ɗauke da rubutun shafin, ka nemo inda wani batu ya ƙare wani ya fara. Nan za ka rubuta <hr>. Shi ne ke ja layin, kuma ba a rufe shi kamar alamar sakin layi ta <p>.

Sai ka koma CSS, inda ake tsara kamannin shafi, ka rubuta:

hr { border: none; border-top: 1px solid #ccc; margin: 24px 0; }

Kada ka tsallake border: none, domin layin na zuwa da gefe ta kowane ɓangare. In ka bar wannan gefen, layin zai fito da kauri, launinsa kuma ya jirkice.

In ado kawai kake so, sa border-bottom (layin ƙasa) a jikin div, wato akwatin da ke ɗauke da sashen rubutun. Manhajar da ke karanta wa makafi shafi kan sanar da <hr> a matsayin rabuwa, yawansa na damun mai sauraro.

Ka gwada a waya: in ka sa wa layin faɗin 600px zai zarce allo, gara 80%.